Nono a Cikin Motar Kumandan

"Ba ni hwaɗin sawun da ban gani ba," in ji Lantana. Ta faɗa da Hausa don jama'a su ji, sannan ta juya ta maimaita wa kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, da Faransanci.

Filin barikin Dogon Dutsi ya yi tsit. A tsakiyarsa ga tsohuwar motar kumandan, wadda shanu suka jawo tun daga Dumega, an ɗage mata murfin gaba. Tun hantsi mutane ke leƙawa suna ja da baya suna kama baki. Man injin da kowa ya sani baƙi ƙirin ya koma fari-fari, mai kauri kamar kindirmo. A gindin gawo an zaunar da Aminatu, Bafillatana mai tallar nono, an ɗaure mata hannu da igiya. Can bayan ofis, a ɗakin kaso, an kulle Sama'ila shofer, mai tuƙa motar, wai da saninsa aka zuba mata nono.

Abin da ya faru bai da tsawo. Kumandan ya tafi rangadi, ya kwana a Dumega, aka ajiye motar a gindin wata tsamiya. Da safe da aka tayar da ita sai ta yi tari, ta tuttuɗo farin hayaƙi kamar an jiƙa wuta, ta mutu. Gardi Inusa, dogarin bariki, ya ga sawun mace a gaban motar, da nono a zube tururuwa sun rufe shi. Kafin azahar an kamo Aminatu daga rugarsu. A shekarun nan yaƙin Turawa ya hana ko ƙusa ɗaya zuwa daga bakin teku, motar kuwa ta gwamnati ce. Dole a Yamai a tambayi wanda ya kashe ta.

Lantana 'yar Rabo ce, maharbin da ya yi wa bariki bin sawun ɓarayin shanu har yana ta rufe masa ido. Tana ƙarama take binsa daji tana riƙe masa gora. Da aka ce unguwarsu ta ba da yaro ɗaya a kai lakwal, makarantar boko, mai unguwa ya ɓoye nasa ya miƙa 'yar maharbi. Ta yi shekaru a Yamai, ta dawo tana wanke miki a gidan likita, tana tafiya kanta a sama, mata na cewa boko ya ɗaure mata wuya. Amma idon da ubanta ya ba ta bai tafi ko'ina ba. In an yi sata, ita ake kira.

Yau kumandan bai kira ta don ta bi sawu ba. Cewa ya yi ta dubi ƙafar Bafillatanar, ta shaida a gaban mutane cewa ita ce, a gama.

Da ya ji amsarta sai ya matso, ya rage murya.

"Ki faɗa kawai. Sai in ce matar ta yaudari shofer yana barci, ya fito yau. Na san maganar da ke tsakaninku."

Duk garin ya sani. An sa ranar aurenta da Sama'ila bayan an gama kai gero rumbu, ga shi kuwa an fara yanka. Lantana ta ji zuciyarta ta karkata wajen ɗakin kason kamar an ja ta da igiya. Ta dubi Aminatu. Gaban rigar matar ya jiƙe, alamar ta baro ɗan goye.

"A ba ni doki in je Dumega," ta ce. "Abin da ƙasa ta faɗa shi zan faɗa."

Kumandan ya yi murmushi. Ya san sawun yana nan, don shi da kansa ya sa a rufe shi da tabarmi da ƙaya.

"Zuwa ranar kasuwa. In kin dawo hannu wofi, su biyun za su tafi aikin hanya a arewa."

Da rana ta take ta kai wa Sama'ila fura. Tagar kason ba ta fi tafin hannu biyu ba, idonsa kawai take gani da yatsunsa masu baƙin mai a ƙarƙashin farce. Yatsun nan ta fara sani a jikinsa, ranar da ya ɗauko ta daga Dosso tana dawowa daga lakwal, yana riƙe da sitiyari yana satar kallonta. Tun daga ranar bai taɓa wucewa ta gaban gidan likita ba sai ya ɗan taɓa mata ƙahon motarsa. Kwanakin nan titin shiru, sai ta tarar da kanta a bakin ƙofa da auduga a hannu tana sauraren abin da ba zai zo ba.

"Madam likita," ya ce. "An ce kin ƙi ni gaban jama'a."

"Sha hurarka. Kai kanka ka san ba nono ba ne."

"Na sani."

"To mi ne?"

Ya kurɓa, ya share baki. In ana maganar mota muryarsa kan sauya, ta koma ta mai ba da labarin 'yan gidansu.

"Cikin injin akwai maƙwabta uku da ba su shiri: wuta, da ruwa, da mai. Kowa da hanya tai. Abin da ya raba su wani ɗan faifai ne na tagulla, sirit, an matse shi tsakanin kan injin da gangar jikinshi. Juwan muke ce mishi. In ya ƙone, katanga ta hwaɗi. Ruwa ya shiga ɗakin wuta, shi ne hwarin hayaƙin. Ya shiga cikin mai, injin ya kaɗa su awa mace na kaɗa nono. Shi ne abin da sunka gani."

"Ka hwaɗa ma kumandan?"

"Na hwaɗa. Ya ce kar wanda ya kwance mishi mota, babu wani juwan daga nan har Dakar."

"Yaya za a gane ba a kwance ba?"

"Ɗebi man a kwalba ki aje a rana, ki ba shi kwana. Ruwa baya zama da mai, zai kwanta ƙasa. Sannan a cika radiyata, tankin ruwanta, har wuya, a bar bakin buɗe, a tada ta. In kin ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, wuta ce ke numfashi cikin ruwa."

"Mi ke ƙone shi?"

"Zahi. In mota ta tafasa anka ci gaba da matsa mata. Ko a kwara mata ruwan sanyi tana cikin tafasa."

Lantana ta kafe shi da ido.

"Kai da ke tsayawa kowace rijiya kana shafa mata goshi awa amarya? Yaushe ka bari ta tafasa?"

Yatsun suka sauka daga tagar.

"Kar ki tambaye ni wanga, Lantana."

"Sama'ila."

"Ni ɗan aiki ne. Abin da anka ce ban gani ba, ban gani ba. Ki maida kwanon gida, kar Inna ta nema."

Ta daɗe a tsaye tana kallon ramin tagar, bai sake leƙowa ba.

Kafin ta hau doki ta ɗauko kwalaben magani guda biyu. A ɗaya ta ɗebi man motar, ta bar shi yadda yake. A ɗayar ta zuba baƙin mai mai kyau daga garwar bariki, ta ƙara nono na gaske, ta girgiza. Ta jera su a kan katangar gidan likita inda rana ke duka, ta ce wa mai shara duk wanda ya taɓa su da ita zai yi.

Sannan ta je gindin gawo. Tsakanin Arawa da Fulani akwai wasan taubasantaka tun kakanni, ko a gidan mutuwa ba a fasa shi.

"Baiwata," ta ce, "shanunku sun ƙare ne kika koma shayar da mota?"

Aminatu ta ɗago jajayen idanu, ta ga tsagar Arawa a kumatun mai maganar, sai bakinta ya motsa.

"Ji mini ɗiyar Arawa. An sa miki takalmi kin manta wa ya saye ki."

"Kin zuba nono ko ba ki zuba ba?"

"Na zuba."

Lantana ta matso kusa da ita.

"A ƙasa," in ji Aminatu. "Ba ku ne kuka ce tsamiyar nan ta aljana doguwa ce ba? Ku kuka koya mana tsoronta. Duk safiya in zan shiga gari sai na ɗan zuba mata, tun ina budurwa. Na zo na tarar an tsugunar mata da wannan ƙarfen a ɗaki, ba sallama. Na ce to, bari in ƙara mata yau ta yi haƙuri. Ni ina na san bakin mota? Ta gaba take ci ko ta baya?"

"Wa kika bar wa yaron?"

"Iya. Ba ta da abin ba shi sai na saniya, shi kuwa ba ya karɓa." Ta kawar da kai. "In kin je, ki leƙa."

Da gardi Inusa aka haɗa ta, wai ya tsare ta a hanya. Sun bi gwadaben da ya yi kudu cikin yashi, gonaki dama da hagu ana ta ɗaure dammunan gero. Kowane dami da ta gani sai ta tuna ranar da aka sa.

A Dumega gari ya rabu biyu. Tsofaffi suka ce doguwa ce ta tatsa wa motar nono don an raina ta. Matasa suka ce Fulani ne, haushin shanun da aka ƙwace musu don ciyar da soja. Kowa na so Lantana ta gaskata nasa. Ta ce a janye tabarmin, kowa ya koma bayan ƙaya.

Sawun Aminatu yana nan sarai, siririyar ƙafa mai buɗaɗɗen babban yatsa. Ya fito daga yamma, ya tsaya taki kaɗan kafin hancin motar, dugadugai suka nutse inda ta tsuguna, ya juya ya shiga gari. Murfin motar kuwa ta gefe ake ɗaga shi, kuma ƙafar nan ba ta je gefen ba ko sau ɗaya.

Amma wani ya je. Takalmin fata ne mai faci a dunduniyar hagu, ya tsaya daidai inda ake zuba mai, ya daɗe, har ya sauya ƙafa. Lantana ba ta ɗaga kai ba.

"Gardi, ɗaga ƙafarka ta hagu."

"Ke, ni kike tuhuma? Ni da na kama mai laihi?"

"Ban ce komi ba. Facin ne ke magana."

Inusa ya waiwaya, ya ja ta gefe inda ba mai ji. Girman kai duk ya zube.

"Don Allah, ɗiyar Baba Rabo. Dokina ke da miki a gadon baya, an ce baƙin man mota na kashe tsutsa. Da la'asar, suna cikin gari, na tsoma tsinke in ɗan ɗiba. Ban zuba komi ba, na rantse."

"Ka shafa mishi?"

"Ina fa. Da na zaro sai na ga abin hwari-hwari, na ce wanga ba shi ne anka hwaɗa mini ba, na yar."

"Da la'asar. Bafillatanar kuwa da sahe ta zo."

Sai a lokacin Inusa ya gane abin da bakinsa ya faɗa.

"Ba ni maimaita shi gaban kumandan. Ina da iyali."

"Ban roƙe ka ba."

Ta koma inda motar ta kwana. A wurin da ƙafafun motar suka tsaya akwai ɓarɓashin busasshen laka, baƙa, mai ƙyalli, irin ta fadama. Ta murza a yatsa. Daga Dogon Dutsi har nan ita ma ta biyo gwadaben, ba ta ga inda ƙafar mota za ta taɓa irin wannan ƙasar ba. Yashi ne fari tun daga farko.

Ta leƙa rugar kamar yadda Aminatu ta roƙe ta. Yaron ya yi kuka har murya ta dushe, tsohuwar tana ɗiga masa nono da yatsa. Lantana ba ta zauna ba.

A hanyar komawa ta sauka daga doki tana jan linzami, idonta a gefen gwadabe. Iska ta share yashin tsakiya, amma ciyawa ba ta mantuwa da wuri. Rana ta karkata kafin ta ga inda aka kwantar da ita layi biyu, aka nufi gabas. Ta bi. Layin ya yi ta karkace-karkace, ya zagaye sabara, ya take ƙaya. Sama'ila ba ya tuƙi haka, yana jin ciwon taya kamar a tafin ƙafarsa. A tsakanin layukan, nan da can, ga kofaton barewa a guje.

Sawun ya ƙare a bakin wani tafki da ya fara janyewa. Lakar ta bushe ta riƙe komai kamar an zana. Ga ramuka biyu inda ƙafafun motar na baya suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. A bayansu ga takalmin Sama'ila, yatsu sun nutse, dunduniya a sama, yana turi da dukan ƙarfinsa. Daga ƙofar mai tuƙi kuwa wani takalmi ne ya sauko, babba, mai ƙusoshi jere a tafinsa. Ya tafi bakin ruwa da sauri, ya dawo da nauyi a ɓangaren dama, ga da'irar gindin bokiti. Ya tsaya a hancin motar. Nan ƙasa ta yi jan tabo mai faɗi, tsatsar ruwan da ya yi tsalle yana tafasa. Sai takalmin ya yi baya da tsalle ɗaya. Takalmin Sama'ila ya zagayo a guje, amma ya makara.

Lantana ta tsuguna. Ita da hannunta ta wanke wa kumandan ƙuna a bayan hannu ranar da suka dawo. Ya ce mata shayi ne.

Ta sa yatsa a cikin sawun Sama'ila, inda ya dage yana turi, ta bar shi a nan. Ƙafarsa ke nan, ga faɗinta, ga yadda yake ɗan karkata ta waje. Rabonta da ganinsa tsaye tun kafin tafiyar nan.

"Mu tahi," in ji Inusa daga kan doki, ya juya fuska. "Ni ban ga komi ba. Ke ma in kina da hankali ba ki gani ba."

Ta karɓi wuƙarsa, ta yanko faifan laka mai ɗauke da takalmin ƙusoshi cikakke, ta naɗe a mayafinta.

A gida ta ɗora shi a cinyar ubanta. Rabo ya bi shi da yatsu a hankali, ya ƙirga ƙusoshin da farce, ya ɗauke hannu.

"Wanga ba ɓarawon shanu ba ne, ɗiyata."

"Na sani, Baba."

"Irin wanga naman, in ka harbe shi baya hwaɗuwa. Juyowa yake."

"In na yi shiru a kan komi, matar ta tahi arewa ta bar jinjiri. In na ce juwan ne na tsaya nan, a ce Sama'ila ya ƙone shi."

"In kin hwaɗi duka?"

Tsohon ya miƙa mata faifan.

"Riƙe shi da hannu biyu. Laka ce, tana karyewa."

Ranar Juma'a kasuwa ta watse, jama'a suka taru a bariki. Aka fito da Aminatu, aka fito da Sama'ila yana ƙifta ido saboda haske. Ya rame. Lantana ta dube shi sau ɗaya ta kawar da kai, don ta san in ta ƙara ba za ta iya magana ba. Inusa ya tsaya can baya yana gyaran hula. Kumandan na zaune a kujera, hannu a naɗe da bandeji.

Ta fara da kwalaben. Ta buɗe wadda ta haɗa da nonon gaske, ta miƙa wa matan da ke gaba. Ta farko ta sansana ta tofar da yawu, abin ya guntse ya yi tsami yana wari. Ta ɗaga ɗayar a rana, man da aka ɗebo daga motar. Mai ya taso sama, a ƙasa ga ruwa ya kwanta, ja-ja, babu ko ɗigon tsaki.

"Ku mata kun san nono," ta ce. "Wanne ne nono a nan?"

"Wancan mai warin," in ji wata mai tuwo. "Wanga ko kare ba ya lasa."

Sai ta roƙi a cika radiyata har wuya, a bar Sama'ila ya tada motar. Kumandan ya ɗaga kafaɗa. Sama'ila ya kama ƙarfen tadawa ya juya, ya sake juyawa, motar ta yi tari ta kama da ƙyar tana rawa, farin hayaƙi na fita ta baya. Mutane suka matso. A bakin radiyatar kumfa ta fara tasowa, ɗaya na bin ɗaya, ba ta tsaya ba har injin ya mutu.

Lantana ta yi bayanin faifan tagullar da ya ƙone, da harsuna biyu. Ta faɗi inda sawun Aminatu ya tsaya da inda bai je ba. Ba ta ambaci Inusa ba.

Kumandan ya saurara har ƙarshe. Ba wawa ba ne.

"Na yarda," ya ce. "A kwance matar. Zafi ne ya kashe motar. Kula da zafin mota kuwa aikin shofer ne." Ya dubi Lantana ido cikin ido, ya rage murya. "Kin yi aiki mai kyau. Zan sassauta masa, wata kaɗan ne a kaso. Ki tsaya nan."

Sama'ila ya girgiza mata kai, kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani. Wata kaɗan. Gero zai jira a rumbu, ita ma za ta iya jira. Amma zai fito da sunan shofer da ya kashe motar gwamnati, ba wanda zai sake ba shi sitiyari, kuma shi ne ya yi ta turi cikin laka yana roƙon a tsaya.

Ta kwance mayafin. Ta ajiye faifan lakar a ƙasa, dab da ƙafar kumandan ta dama.

"Na samo wannan a bakin tafkin da ke gabas da hanya, inda aka bi barewa. Daga ƙofar mai tuƙi ya sauko. Shi ya ɗebo ruwan."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma fassara ba. Mutanen Arewa ba sa bukatar tafinta a kan sawu. Idanu suka sauka kan lakar, suka matsa kan takalmin da ke kusa da ita, suka hau kan bandejin. Wani tsoho ya yi gyaran murya. Can baya wata mata ta toshe baki da gefen zane.

Kumandan ya miƙe. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ɗora ƙafa a kan faifan ya murƙushe shi ya zama gari. Da ya ɗaga, sai ga ƙusoshin nan jere a cikin garin lakar, sabbi, kowa na gani.

"Motar ta tsufa," ya ce da ƙarfi. "Tsufa ya kashe ta. Babu mai laifi. Kowa ya watse."

Aminatu ba ta tsaya godiya ba. Ta ɗan dafa kafaɗar Lantana, ta ce, "Ashe bayi ma suna da rana," ta kama hanyar kudu da sauri, tana riƙe da ƙirji.

Sama'ila ya kwana biyu a gida. Kafin kasuwa ta sake zagayowa umarni ya fito: ana bukatar shofer a Gigimi, can ƙarshen gabas bakin tafkin Chadi, tafiyar da ba a ƙirga ta da kwana. Lokacin yaƙi ne, ɗan aikin gwamnati ba ya cewa a'a. A ranar ne kuma likita ya kira Lantana, bai iya kallon idonta ba, ya ce ta ajiye farar rigar.

Ta raka shi bakin titi inda babbar motar gyaɗa ke jira.

"Da kin tsaya inda ya ce," in ji Sama'ila, "da kina kawo mini hura har in hito."

"Da ka hito kana sunkuyar da kai. Ba ni auren mai sunkuyar da kai."

Ya yi dariya, idonsa ya cika.

"Wa zai iya da ke in ba ni ba?"

"Babu. Shi ya sa za ka dawo."

Ya hau. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ta dubi inda ya taka kafin ya ɗaga ƙafa, ta tsaya a wurin har jakunan kasuwa suka bi ta kai.

An kai gero rumbu a shekarar, aka ci, aka sake shukawa. Aka sauya kumandan, wanda ya zo bai san zancen ba, bai kuma ga dalilin dawo da wani shofer daga Gigimi ba. Lantana ta koma bin sawun awakin da suka ɓata, ana ba ta hatsi a ƙwarya. Matan da suka ce boko ya ɗaure mata wuya suka ce ga shi nan ya karya ta, amma ba su taɓa ganin ta sunkuya ba. Duk motar da ta fito daga gabas sai ta je ta tambayi mai tuƙin. Wani ya ce ya gan shi, yana lafiya, yana gaishe ta. Wani ya ce bai san shi ba.

Maganar da ta ƙi faɗa da wadda ta ƙi haɗiyewa sun ci mata aikinta, sun ci mata auren da aka sa bayan kaka, sun kai mutumin da take so inda ko sawunsa ba za ta iya bi ba. Damina ta huɗu ke nan tana jira.